Tsohon Inji, Sabuwar Zuciya

Mai karatu, a ce maƙwabcinka a Rafin Guza ya sayo tsohon injin sassaƙar ƙarfe a Panteka, irin waɗanda suka yi aiki a Kakuri kafin masaƙar KTL ta rufe a 2002. Ya kankare tsatsa a zaurensa, ya sa giris, ya canza bel. Da yake wutar gida ba ta ɗaukar kwayil mai layi uku, sai ya ɗaura mai layi ɗaya. To, shin tsohon injin ne har yanzu, ko kuwa sabo ne?

Tambayar ba ta yau ba ce. Masanan Girka sun yi ta gardama a kan wani jirgin ruwa da aka riƙa sauya katakonsa ɗaya bayan ɗaya.

A ganina, asalin injin yana ga gadonsa, wato doron ƙarfen da wuƙar ke tafiya a kai. In gadon ya cinye, kome ƙarfin sabon kwayil, aikin karkatacce zai fito. Fenti kuwa ado ne kawai.

Anan amana ta shigo. Wanda ya gyara gado ya raya inji. Wanda ya shafe lalataccen gado da fenti ya sayar, ya ha'inci ɗan'uwansa, wataƙila ma ya jawo masa asarar yatsa.

'Yan fim ɗinmu masu sabunta tsofaffin finafinai, ku ma da ku nake. Sabuwar kyamara kwayil ce, labari shi ne gadon. Ku fara duba shi tukuna.

Allah Ya sa mu gane.