Aninin Tsohon Soja

A Hausa, anini sunan abu biyu ne: maɓallin riga, da kuma ɗan kuɗin nan mai huda a tsaka wanda Turawa suka fara bugawa a 1907, goma ke yin kwabo. Ni na farkon nake tarawa, kuma shi ya jefa ni cikin tunanin da nake so in gabatar wa masu karatu.

Wata rana a Dogarawa wata tsohuwa ta zazzago mini aninai shida na tagulla daga cikin wani gwangwani. Kowanne da zanen bishiyar kwakwa, watau alamar rundunar sojan Ingila ta Afirka ta Yamma. Aikin ya yi kyau ƙwarai, har ganyen ana iya ƙirgawa. Ta ce daga kakin mijinta aka ciro su, wanda ya yi yaƙin Bama a 1944. Na tambayi kuɗi, ta ce, "Ɗana, ba ni abin da ya sawwaƙa." Na ba ta abin da bai fi kuɗin mudun masara ba, ta yi ta sa mini albarka.

To, jama'a, ciniki ya halatta, babu wanda aka tilasta wa. Amma fa ni na san abin da masu tara irin waɗannan kaya ke biya, ita ba ta sani ba. Yardar da aka gina a kan rashin sani, yarda ce? Wani abokina a Samaru ya ce ai da ban saya ba, da jikoki sun yi wasan dara da su sun watsar. Gaskiya ne. Sai dai na lura hujjar mai adanawa kullum tana ƙarewa ne da kayan a hannunsa, ko shi Bature ne mai gidan tarihi a Landan, ko ni ne.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Ni ganyen kwakwa nake kallo. Ita mutumin da aka kai wata uwa duniya ya yi yaƙin da ba nasa ba take gani.

Da na koma da su bayan mako biyu, ta ƙi karɓa. Ta ce ta riga ta ci kuɗin, kuma ba ta cin amana. Da ƙyar ta yarda ta riƙe guda ɗaya, ta ɗaure shi a bakin zanenta.