Wanda Ya Fid da Tsammani, Wa Zai Tsare Jininsa?

Jama'a, ga wata tambaya da ta kamata mu zauna mu auna. Mutumin da ya ɗauki allurar maye ya soka wa kansa da hannunsa, shin yana da hakkin magani a kanmu, ko kuwa mu bar shi da abin da ya jawo wa kansa?

Mu ɗauki misali da saurayi a ƙasar Bichi ko Ɗambatta, inda gona ta ƙare wajen rabon gado, har abin da ya samu bai fi zanen tabarma kaɗan ba. Ya tafi cin rani Kano, ya komo hannu wofi. Barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya daina zuwa dandali, yana ganin kansa ba shi da amfani. Likitoci suna kiran wannan ciwon damuwa. Ba lalaci ba ne, ba kuma ƙarancin tawakkali ba. Cuta ce kamar zazzaɓi, tana kuwa da magani. To, a wannan hali ne aboki zai miƙo masa allurar pentazocine, ya ce za ta sanyaya masa rai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tun 1986 aka fara samun cutar ƙanjamau a Nijeriya, kuma ƙwayarta, watau HIV, tana bin jini. Idan mutum uku suka yi tarayya a sirinji ɗaya, jinin na farko ya shiga na ƙarshe. Binciken da gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta masu allurar maye a ƙasar nan sun kai 80,000.

Wani zai ce, ai sai a yi musu gargaɗi. Lalle gargaɗi yana da kyau, amma yana amfanin wanda yake son ya kai gobe ne. Wanda ya fid da tsammani daga rayuwa, ina ruwansa da tsabtar allura? Ko an gwada shi an ba shi maganin ƙanjamau, ba zai kula da sha kullum ba. Saboda haka sai an fara gyara zuciya, sa'an nan kunne zai ji. In ya sami likita, da magani, da mai sauraronsa, sai ya soma tsoron cuta, domin ya soma son ransa.

Wani kuma zai ce, shi ya so. To, matarsa fa, da jaririn da za ta haifa? Su me suka yi? A ƙasa irin tamu, inda gida yake jikin gida, auratayya ta haɗa kowa, cutar mutum ɗaya ba tasa ba ce shi kaɗai.

Hanya kuwa tana nan. Akwai asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa a Dawanau, kuma a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tabbatar wa irin waɗannan majiyyata hakkinsu. Abin da ya saura namu ne. Kada mu ɗaure shi a mari, kada mu kore shi. Mu riƙe hannunsa mu kai shi, gama hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, mu kuma Ya ba mu tausayi, amin.