Gidan Gado a Bakin Tasha



Wata Laraba limaminmu ya yi tafiya, ni na ja sallar La'asar. Ina neman takalmina in koma shago sai ga samari uku sun tare ni a bakin ƙofa, 'ya'yan wani dattijo ne da Allah ya yi wa rasuwa bara. Ba zan kama suna ba, wanda ya gane kuma don Allah ya bar wa cikinsa. Babbansu ya durƙusa ya ce, "Baba Malam, tambaya ce da mu. Wani difelofa ya taya gidan mahaifinmu. Halal ne mu sayar?"

Na ce halal ne mana, gidanku ne. Ƙaramin ya ɗago kai ya ce, "To Baba, mutanen da ke ciki fa?" Nan na rasa ta cewa. Na ce su dawo bayan Juma'a. Tun ranar maganar ke cina, shi ya sa na ga gara in kawo ta nan mu duba tare, don na san ba gidansu kaɗai ake zawarci ba.

Gidan irin namu ne na da, dogon lungu a tsakiya, ɗakuna suna kallon juna, bayan gida biyu, rijiya ɗaya. Ɗaki goma sha huɗu. Iyalin mamacin suna cikin biyar, sauran 'yan haya ne. A cikinsu akwai wata tsohuwa mai koko da ƙosai da ta fi shekara talatin a ɗaki guda, mijinta ya rasu a nan, 'ya'yanta a nan aka yanke musu cibi. A zauren kuma malamin allo yana karantar da yara safe da yamma, mai gidan bai taɓa karɓar masa ko kwabo ba. Magada kuwa su goma sha ɗaya ne: mata biyu da za su raba tumuni a tsakaninsu, da 'ya'ya tara. Huɗu daga cikin 'ya'yan suna Arewa, rabonsu da kwana a gidan tun suna yara.

Me ya sa tsohon gida mai rufin kwano da tsatsa ya zama abin rububi? Kowa ya san amsa. A watan Maris na 2021 aka buɗe gadar Pen Cinema, wurin da a da mutum kan yi awa guda a mota yana jiran a tsallake layin dogo. A watan Yuni na shekarar sabon jirgin Legas zuwa Ibadan ya fara aiki, da tasharsa a nan Agege. Sai kuma Jan Layi, wanda aka ƙaddamar ranar 29 ga Fabrairu 2024, ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba: daga Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba har Oyingbo. Ma'aikacin da ofishinsa ke Ikeja ko Yaba, wanda da ko kyauta aka ba shi ɗaki a unguwarmu zai yi tsaki, yanzu ya lissafa ya ga da katin Cowry a aljihu zai riga na cikin danfo isa. Difelofa ya riga shi lissafin. Ya sayi gida irin wannan, ya rushe, ya tada bene mai ƙananan ɗakuna kowanne da bayan gidansa, ya sa hayar da mai koko ba za ta iya tara ta ba ko ta shekara uku ba ta ci riba ba.

Ni ba na cikin masu zagin jirgi. Na hau shi, na ji daɗinsa, na je Oyingbo sarin kaya na dawo ban rasa Azahar a jam'i ba. Kuma kada mu manta, mu kanmu 'ya'yan layin dogo ne. Tun da dogo ya tashi daga Legas ya kai Ibadan a 1901, ya isa Kano wajen shekara goma bayan haka, kakanninmu suka riƙa sauka nan saboda goro. Suna saye a gonakin Yarabawa, su ɗaure huhu, su ɗora a jirgi zuwa Arewa, shanu kuma su gangaro. A lokacin su ne baƙin da tasha ta jawo, kuma na tabbata akwai wanda ya ga gonar kakansa ta zama zango yana kallo bai so ba. Don haka in muka ce duk wanda jirgi ya kawo ɗan ƙwace ne, mun zagi iyayenmu.

To bari in fara da hukunci, don a nan ne nake da ɗan abin da na karanta. Dukiyar gado ta magada ce daga ranar da mai ita ya cika. A mazhabarmu ta Malikiyya, in abu ba ya rabuwa sai da cutarwa, kuma ɗaya daga cikin masu shi ya nemi a sayar, ana tilasta wa sauran. Gida mai rijiya ɗaya ba ya rabuwa gida goma sha ɗaya. Akwai kuma shuf'a, wadda duk wanda ya sauke Risala ya wuce ta kanta: in abokin tarayya ya sayar da kasonsa ga bare, ɗan'uwansa yana da ikon ya biya wannan kuɗin ya karɓe, matuƙar bai yi shiru shekara ta wuce yana gari ba. Amma shuf'a a wurin Malikawa ta abokin tarayya ce kaɗai. Maƙwabci ba shi da ita, sai a wurin Hanafawa. Ɗan haya kuwa ko a can babu shi. Saboda haka in alƙali za a je, samarin nan sun fita, mai koko ba ta da ƙara.

Sai dai ni ɗan kasuwa ne kafin in zama mai jan salla, kuma na san ribar da ba ta da haram a ciki amma ta hana mutum barci. Tambayar da na yi wa kaina ita ce: kuɗin nan da aka taya, na mene ne? Ba na kwanon ba ne, ba na bulon ba ne, tunda mai sayen katafila zai sa musu. Na wurin ne. Wurin kuma wa ya sa shi tsada? Gwamnati ta shimfiɗa dogo da kuɗin jama'a, ciki har da harajin da ake karɓa a hannun mai tebur da mai baro. Kafin nan kuma, wa ya mai da wurin unguwa? Mutanen da suka yi shekaru suna yashe kwata ranar shara, suna karo-karon biyan 'yan sintiri, suna fitowa da bokiti in gobara ta tashi. Magajin da ke Kano bai ɗauki tsintsiya ko sau ɗaya ba, amma kasonsa ya ninka. Ban ce ya ci haram ba. Arziki ne Allah ya kai masa har ɗaki. Na dai ce arzikin ya biyo ta kan wasu mutane kafin ya iso shi, kuma mai kunya ba ya yin kamar bai gani ba.

Nasan wani zai ce, Malam, wannan ai sa wa marayu nauyi ne. Kuma yana da gaskiya a wani gefen. Cikin 'ya'yan akwai 'yan mata biyu da ba su yi aure ba, akwai mai neman kuɗin makaranta, akwai wanda yake acaba aka ƙwace masa babur bayan an faɗaɗa dokar hana acaba a 2022, har yau bai miƙe ba. Hayar da ake karɓa a ɗakuna taran nan, in aka raba ta goma sha ɗaya bayan an cire gyaran masai da kuɗin shara, ba ta sayen buhun shinkafa ga mutum ɗaya. Shin don a tausaya wa 'yan haya sai a bar masu gida cikin yunwa? Sadaka da dukiyar wani ba sadaka ba ce, balle dukiyar maraya. Duk wanda ya tsaya a majalisa yana cewa "sun sayar da unguwa, sun ci amana", a tambaye shi nawa ya kawo.

A nan ne labarin Sayyidina Umar da Abbas, Allah ya ƙara musu yarda, ya faɗo mini. Lokacin da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa jama'a kaɗan, Umar ya nemi gidan Abbas don a faɗaɗa. Abbas ya ƙi. Suka kai maganar gaban Ubayyu ɗan Ka'abu, ya yanke cewa ba a karɓar gidan mutum sai da yardarsa, ko da masallaci za a yi. Da Abbas ya ga haƙƙinsa ya tabbata, sai ya ba da gidan sadaka ga Musulmi. Abin lura, sai da aka tabbatar masa nasa ne tukuna alherin ya fito. Da an matsa masa da gori, da an sami filin an rasa ladan. Shi ya sa ba zan taɓa ce wa samarin nan kada su sayar ba.

Abin da na faɗa musu bayan Juma'a shi ne, tsakanin sayarwa da kora akwai tazara. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ba ɗan hayar shekara notis na wata shida, na wata-wata kuma wata guda, in ba a rubuta wani sharaɗi dabam ba, kuma kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Cire rufi ko ƙofa ko yanke wuta don a tilasta masa fita laifi ne. Na ce wannan na gwamnati ne, kuma shi ne mafi ƙaranci. Musulmin da aka yi ta yi wa Annabinsa wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado, bai kamata ya tsaya daidai inda dokar Alausa ta tsaya ba. Ku sa a cikin yarjejeniya cewa ba za a taɓa ginin ba sai bayan lokaci kaza. Ku yafe wa mutanen hayar watannin ƙarshe su tara kuɗin ejan da na sabon ɗaki. Manya a cikinku, kowa daga kasonsa ba daga na yara ba, ku fitar da wani abu ku kama wa tsohuwar nan ɗaki kusa da inda masu sayen kokonta suke. In aka kai ta Sango Ota ko Ifo an ce an ba ta ɗaki, an raba ta da sana'arta da masu ɗaukar gawarta. Kuma kafin ku sa hannu, ku sanar da unguwa, ko da wanda zai iya biyan abin da baren ya taya. Shari'a ba ta wajabta muku ba, amma mahaifinku da yana raye da ya yi.

Na kuma ja musu kunne a kan ɗaya hanyar, wadda difelofa zai ce ba saye zai yi ba, ku ba shi shekara ashirin ya gina ya ci haya sannan ya mayar muku. Tana iya zama alheri, gidan bai bar hannunku ba. Amma mun ga wanda aka rushe, aka kafa ginshiƙai, mai ginin ya ɓace, magada suka koma haya a gidan wani. Kada wanda ya dangwala yatsa a takardar da lauyansa bai karanta masa ba.

Yanzu sai in juyo kanmu, don laifin da ya fi girma ba na samarin ba ne. Mu nawa ne muka yi shekara arba'in a Agege, muka aurar da 'ya'ya a nan, muka binne iyaye a nan, amma har yau muna cewa "in na koma gida"? Kuɗin da aka samu a nan an gina katafaren gida a Arewa, ƙadangaru ke kwana a ciki, mai shi yana nan yana rigima da lanlodi a kan ɗaki ɗaya. Ni ma ina ciki. Lokacin da aka yi mini tayin rabin fuloti a bayan layi, shekarun baya, na ce me zan yi da fili a ƙasar mutane. Yau ko shagon da nake ciki ba nawa ba ne. An ce baƙo raɓa ne, mu kuma muka riƙe karin maganar kamar aya, har jikokinmu da ba su san hanyar Kwanar Dangora ba muna kiransu baƙi.

Waɗanda suka mallaka ɗin ma, takarda fa? Da yawa abin da ke cikin akwati rasit ne na dangin masu ƙasa tun zamanin sule da fam, wani ma babu, sai "kowa ya san gidan Alhaji ne". Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 filin birni yana hannun gwamna, saye da sayarwa sai da amincewarsa, kuma in an karɓi wuri don aikin jama'a diyyar gini ake biya, ba ta ƙasar ba. Waɗanda suka manyanta sun tuna Maroko a 1990, yadda aka wayi gari unguwa guda ta zama fili. Ranar da katafila ta zo, "kowa ya sani" ba ya tsayawa a gabanta. Masallacinmu da makarantunmu, da sunan wa suke? In da sunan mutum ɗaya ne, to gado ne, kuma wata rana jikansa zai zo da irin tambayar da aka yi mini. Hubusi da baki ya inganta a addini, amma a ofishin ƙasa sai an yi rajistar amintattu an rubuta.

Muna iya tara miliyoyi a yi bikin naɗin sarauta, a yi anko, a kira maroƙa. Adashin matanmu kaɗai ya aurar da 'yan mata da ba su ƙirguwa. Ban ga abin da zai hana 'yan goro da mahautan Oko-Oba da 'yan canji su buɗe asusu ɗaya ba, wanda in gida irin wannan ya fito kasuwa za a saya da farashinsa na gaskiya, magada su karɓi haƙƙinsu cif, a gyara, a bar zauren ga yara, hayar sama ta riƙe na ƙasa. Sayyidina Usman da ya ga mai rijiyar Ruma yana tsauwala wa mutane, kuɗi ya ciro ya saya ya bar wa jama'a.

Samarin sun saurare ni har na gama. Babban ya ce wata takwas zai iya nema wa 'yan haya, amma sai ya yi waya da na Arewa, don ɗaya daga cikinsu ya riga ya karɓi bashi a kan kasonsa. Ƙaramin ya ce shi ya ɗauki nauyin ɗakin tsohuwar. Maganar zaure ce ba mu sami mafita ba, yara sun fi arba'in. Na yi wa liman magana ko za a ba su barandar masallaci tsakanin Asuba da hantsi, ya ce a kawo ta gaban kwamiti ranar Lahadi bayan Isha'i. Wanda yake da ɗa a makarantar, ko yake da wurin da zai iya ba da aro, don Allah ya zo.