Akwatin Kaset ɗin Kaka



Da farko ina miƙa godiya a madadin gidanmu ga duk wanda ya taka ya zo jana'izar kakana da zaman makoki. Allah Ya ba da lada, Ya bar zumunci. Yau ba sanarwar kuɗin gyaran rufi na kawo ba. Wata tambaya ce ta tsaya mini a rai tun ranar da muka binne shi.

Kwana uku ana zaman gaisuwa, duk wanda ya zo abu ɗaya yake faɗa: tsoho ba ya wasa da sahun farko, ba ya cin amanar abokin ciniki. Gaskiya ne, kuma mun ji daɗi. Amma ba wanda ya ambaci rediyonsa, ba wanda ya ambaci yawonsa na daji, alhali duk Sabo an san shi da abubuwan nan biyu. Da muka shiga ɗakinsa muka tarar da akwatin ƙarfe cike da kaset: Mamman Shata, Narambaɗa, Ɗan Anace, Ɗan Maraya Jos. Baffana ya ce a ƙona su, kada su zame masa nauyi a kabari. Gwaggona ta ce wallahi sai dai a ƙona da ita. To, wa ke da gaskiya?

Kaka ya sauka Ibadan a jirgin ƙasa tun kafin yaƙin basasa na 1967, yana saurayi, ya tarar da Sabo ta daɗe da kafuwa, don tun 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar. Sana'ar goro ya kama. Ba ya son zaman rumfa. Shi ne mai shiga ƙauyukan Yarbawa da ƙafa, ya sayo goro ƙwarya-ƙwarya, a ɗaure huhu a tura Arewa. Ko da ƙarfi ya ƙare bai daina fita ba. Bayan sallar asuba sai ya ɗauki sanda da ƙaramar rediyo ya nufi bakin ruwan Eleyele. Ina yaro yakan ja ni, yana tsokanata wai na zo ƙwace masa mata. A hanya zai nuna mini bishiyar goro da kwakwar manja, sannan ya ba ni labarin kuka da ɗorawa da kanya, itatuwan garinsu da ban taɓa gani ba a lokacin. Idan tsuntsu ya yi kuka sai ya rage muryar rediyo ya ce, “Yi shiru, wannan ya fi Shata iyawa.”

Ni ba malami ba ne, sakatare ne, fatawa kuma ta Liman ce. Abin da na ji a majalisin karatu shi ne, malamai da yawa sun hana kayan kiɗa, wasu irin su Ibn Hazm sun halatta, Imam Gazali kuma ya yi babi guda a Ihya'u yana rarrabe wanda ya halatta da wanda bai halatta ba. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa 'yan mata biyu sun yi waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Manzon Allah (SAW) ya ce wa Sayyidina Abubakar ya ƙyale su. Don haka baffana yana da malaman da ya dogara da su, kuma tsoron da yake yi wa mahaifinsa ƙauna ce. Ban raina shi ba.

Tambayata ta wuce hukuncin kiɗa. Shin idan mutum ya rasu, adalci ne mu datse rayuwarsa mu bar abin da ya yi mana daɗin faɗa kawai? An hana mu zagin matattu, an kuma umarce mu da rufa asirin Musulmi. Amma asiri shi ne abin da mutum ya ɓoye yana jin kunyarsa. Kaka bai taɓa ɓoye rediyonsa ba, kuma ban taɓa ganin waƙa ta hana shi salla ba. Da an kira salla yake kashe ta. Idan muka yi shiru a kan abin da shi bai ji kunyarsa ba, ina ganin ba shi muke rufa wa asiri ba, kanmu muke karewa daga bakin mutane.

Akwai kuma hasarar da shirun ke jawo mana, mu da muke zaune a kurmi. 'Ya'yanmu a nan aka haife su, Yarbanci da Turanci sun fi sauƙi a bakinsu. Ni kaina, rabin karin maganar da na sani a wajen Kaka na ji, yana tsayar da kaset yana fassara mini baiti. Idan muka gaya wa yara cewa kakanninsu ba su san komai ba sai kasuwa da masallaci, ba dariya, ba nishaɗi, za su ɗauka mutumin kirki ba irinsu ba ne, su daina ƙoƙarin kamo shi. Gara su san cewa mutum ne kamar su, yana da abin da ransa ke so, amma ya san lokacin da ake ajiye shi.

Ga yadda muka rabu a gida. Ba a ƙona akwatin ba. Gwaggo ta tafi da shi, da sharaɗin ba za a kunna a zaure ba, don girmama Baffa. Shi kuma Baffa ya ɗauki nauyin biyan ɗan bashin da tsoho ya bari, wanda dukkanmu muka yarda shi ne nauyin da ba saɓani a kansa. Mu jikoki muka ɗauki kula da mangwaron nan biyu na bayan wurin alwala. Wataƙila wasunku ba su san shi ya dasa su ba. Hadisi ya nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi, kun ga yawon dajin ma bai tashi a banza ba.

Shawarata, idan tsohonka na da rai, zauna ka tambaye shi abin da yake so da dalilinsa, tun kafin a bar ka da akwati kana gardama a kai. Idan kuma ya riga mu, ka faɗi alherinsa ba ƙari, ka bar hisabi ga Mai shi.

Ina roƙon ku saka Kaka a addu'a bayan salla. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe kurakuransa da muka sani da waɗanda ba mu sani ba, Ya jiƙan dukkan magabatanmu da ke kwance a ƙasar nan nesa da garuruwansu. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Juma'a mai albarka.

Sakataren Masallaci