Bimbinin Safiya: Yakuwa da Tsawon Dare

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo a ƙarshen damina, in ya iso wajajen Kabo ya dubi gonaki, zai ga yakuwa a jere a kan iyaka, da jan karanta, tsakanin dawa da gyaɗa. Ba don ado aka shuka ta ba. Ganyen na miya ne da fate, gurguzun na daddawa, zoɓon kuma na sha da na sayarwa, har ana tara buhunansa a kasuwar Dawanau a kai shi Meziko. Duk da haka, ka tsaya da hantsi ka dubi furen da kyau. Fari ne mai ɗan rawaya, kunnuwa biyar masu laushi, tsakiyarsa ja wur. Ya yi kama da na kuɓewa da rama da auduga, domin danginsu ɗaya. Da safe yake buɗewa, kafin yamma ya yanƙwane. Bayan ya faɗi ne jan ƙoƙon da ke riƙe da shi yake kumbura ya zama zoɓo.

Damina ɗaya ce rayuwar yakuwa. Ana shuka ta in ruwa ya zauna, a Yuni ko Yuli, a rami marar zurfi, a ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Abin da ke ba ni mamaki shi ne lokacin furenta. Ka yi sammakon shuka, ka zuba taki, ka yi noma, za ta yi tsawo ta yi rassa, amma fure sai ta jira dare ya fara tsawo, wajen Satumba zuwa Oktoba. Wanda ya makara ma lokacin zai ga nasa furen, sai dai shukarsa gajeriya ce, zoɓonsa kaɗan.

A 1920 wasu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, suka nuna cewa tsawon yini ne ke sa wasu tsirrai fure. Daga baya aka gano cewa duhun ne shukar take aunawa. A ƙasar Kano kuwa, tazarar da ke tsakanin dare mafi tsawo da mafi gajarta ba ta kai awa 2 ba. Wannan ɗan bambancin, da mu ba ma ko lura da shi, Allah ya sa ciyawa ta gane shi.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wataƙila kun tashi yau da abin da kuka daɗe kuna roƙo: haihuwa, aikin yi, lafiyar wani naku da ke kwance. Kun yi iya yinku, shiru. Ba zan ce jira ba ya ciwo ba, yana yi ƙwarai, kuma ban yarda da mai cewa duk jinkiri laifin mai roƙo ne ba. Manomin da bai ga fure a Agusta ba bai yi sakaci ba. Yana ci gaba da cire ciyawa, yana tsinkar ganye ana miya a gida.

Ya Ubangiji, kai ne mai auna dare da yini. Ka ƙarfafa waɗanda suka kwana ba barci, da matan da za su yini ɓarar zoɓo hannuwansu na ƙaiƙayi. Ka ba mu ƙarfin aikin yau, ka tsare mu daga gaggawa da fid da rai. Amin.