Wa ke da alhakin himmar da ta mutu?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Idan matashi ya ajiye littafi kafin BEPC ya kama kabu-kabu a Maraɗi, hukuncin mutane ɗaya ne: rago ne. Alhali ba a haihuwar mutum da cikakkiyar himma, renonta ake yi.

A dubi ɗan shekara 7 da ya shiga CI a ajin rumfar kara. Ba a kafa rumfar sai bayan girbi, ruwan farko kuma ya tashe su. Da Hausa yake tunani, da Faransanci ake tambayarsa, in ya kuskure a yi masa dariya. Bayan shekara 6 a haka, darasin da ya haddace shi ne karatu ba nasa ba ne. Sa'ansa kuwa, da mushensa ya san sunansa, yake gyara masa ba da tozarci ba, shi ke mafarkin Jami'ar Abdou Moumouni.

Sana'a ba aibi ba ce, sai dai kada karayar zuciya ta zaɓa wa yaro ita. Baligi zai amsa nasa gaban Allah, amma malami da uba da aka damƙa wa zuciyarsa tana ɗanya, su ma za a tambaye su.

Allah Ya ba masu tarbiyya ikon riƙon amana.