Ajali da Sakaci a Wurin Aikin Lantarki

Idan wutar lantarki ta kama wani ma'aikaci a gidan injin niƙa ko rumfar walda, har ta kai ga ya riga mu gidan gaskiya, maganar da ake ji a zaman makoki ita ce kwanansa ne ya ƙare, kuma babu muminin da zai yi musun wannan. Sai dai abin takaici, maigidan da ya bar waya tsirara wata da watanni a kan daɓe mai laima, yana ƙyashin kuɗin salatif, sau da yawa shi ne yake riga kowa furta wannan magana, kamar dai imani da ƙaddara yana sauke masa alhakin da ke wuyansa.

Shari'a ba ta tafi a kan haka ba. Da a ce rubutaccen ajali yana wanke mai sakaci, da Suratun Nisa'i ba ta wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure ba, alhali shi ma wanda aka kashe bisa kuskure kwanansa ne ya ƙare. Haka nan Sayyidina Umar, da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, juyawa ya yi da jama'arsa, kuma da Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ake yi, sai ya fahimtar da shi cewa komawar ma a cikin ƙaddarar Allah take. To, lantarki ma yana da sababai sanannu: wutar gidajenmu, mai ƙarfin volt 230, tana ratsa jiƙaƙƙiyar fata cikin sauƙi, ta ƙanƙame tsokar hannu har mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, ta kuma rikita bugun zuciya. Wanda kuwa ya jona janareta da wayar gidansa ba tare da ya raba ta da babban layi ba, yana iya aika wuta ga bawan Allah da ke aiki a kan falwaya da sakankancewar an ɗauke ta.

Malamanmu na Malikiyya sun zurfafa fiye da haka, domin Shaihu Halil ya kawo a cikin Muhtasar cewa wanda ke da ikon kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka, amma ya ƙi, akwai lamuni a kansa. Ga kuma ƙa'idar masu usulu cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne; saboda haka ni dai a ganina sanin yadda ake ceto farali ne na kifaya a kowace ma'aikata.

Wanda ya cafki ɗan'uwansa da hannu alhali wuta tana jansa, gawa biyu ya haɗa, komai kyawun niyyarsa. Abin yi shi ne a kashe babban makunni, in ya yi nisa a tsaya a kan busasshen wuri a ture wayar da busasshiyar sanda. Amma manyan layukan volt 11,000 ko 33,000 ba a kusantarsu ko da sanda, sai an tabbatar an yanke wutar. In an sami wanda wutar ta kama ba ya numfashi, sai a kwantar da shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 30, a hura masa iska sau 2, a yi ta maimaitawa har taimako ya iso. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake kwarara mata kamar minti 20. Madarar da wasu ke ɗura wa sumamme ba ta da wani amfani, shaƙe shi kawai za ta yi. Ko da ya farfaɗo ya ce garau yake, a kai shi asibiti, domin ɓarnar da wuta ke yi a cikin jiki takan fi wadda ido ke gani.